Yadda na gyara randarmu da ta daina sanyaya ruwa

A watan Afrilu, lokacin da zafin garin Tawa da ke Nijar ke wuce digiri 40, randar gidanmu ta daina sanyi. Ruwan cikinta ɗumi kamar an ɗora a wuta. Inna ta ce wataƙila randar ta tsufa, a sayo sabuwa.

Sai na tuna cewa kafin azumi na shafa mata fentin mai a waje don ta yi kyau, na kuma shigar da ita ɗaki. Ashe nan matsalar take. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, kuma busarwar nan ita ke jan zafi daga ruwan da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Lita ɗaya ta ruwa idan ta bushe tana kwashe zafin da ya haura kilojul 2,000 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Fentin ya toshe ƙofofin, ɗakin kuma ba iska.

Na kankare fentin da wuƙa, na goge da dutse har jan yumɓu ya fito. Na fitar da ita ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, na ɗora ta a kan jiƙaƙƙen yashi, na naɗe ta da buhun algarara da nake yayyafa wa ruwa safe da yamma.

Washegari da azahar Inna ta ɗebi moɗa ɗaya ta sha, ta ce, "Yauwa ɗana, randata ta dawo." Da damina sanyin zai ragu, don iska mai laima ba ta busar da ruwa da sauri.