Yadda ake haɗa rile na tsaro da maɓallin risat don kada inji ya ci hannun ma'aikaci

Wata ranar Talata da la'asar aka kira ni wata masana'antar roba a Sharada, wai injin niƙa tarkacen roba ya kama hannun wani yaro. Kafin in isa an riga an wuce da shi asibiti. Silifas ɗinsa ƙafa ɗaya na tarar a gindin injin. Da na buɗe fanel sai na ga wata 'yar jar waya, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, an ɗaure ta tsakanin S33 da S34, bakuna biyu da wayar maɓallin risat take shiga a jikin rile na tsaro. Wani ya gaji da danna risat, wato maɓallin da ke ba inji izinin sake tashi bayan ya tsaya, ya yi masa gada. Makunnin injin kuma irin mai murɗawa ne, an bar shi a kunne. An ɗauke wuta, yaron ya zura hannu ta bakin injin zai zaro robar da ta maƙale, aka tayar da janareta, inji ya tashi da kansa. Yatsu uku ya rasa, kuma shekarunsa ba su kai ashirin ba.

Tun daga ranar, duk yaron da ya zo koyon aiki a wajena, wannan haɗin nake fara zaunar da shi a kai kafin ya taɓa wani abu. Ga yadda nake koya musu.

Rile makunni ne da wuta ke kunnawa, kontak kuma su ne bakunansa na ƙarfe da ke haɗuwa wuta ta wuce. Da farko ka san abin da ya raba rile na tsaro da rile na gama-gari. Na gama-gari, idan kontak ɗinsa ya yi zafi ya narke ya manne, ko ka danna maɓallin gaggawa wuta za ta ci gaba da wucewa, kuma babu abin da zai sanar da kai. Na tsaro kuwa ƙananan rile biyu ne a cikinsa, kowane yana gadin ɗan'uwansa, kuma kontak ɗinsu a ɗaure suke da juna da sanda guda, ta yadda in wanda ya saba zama a buɗe ya manne a rufe, wanda ya saba zama a rufe ba zai iya komawa mazauninsa ba. Daga nan na'urar take gane akwai matsala, sai ta ƙi tashi. Kamfanin Pilz na Jamus ne ya fito da PNOZ a 1987, har yau shi muka fi gani a injinan da ake shigo da su daga Turai. Akwai kuma 3SK1 na Siemens, da Preventa na Schneider, da G9SA na Omron. Lambobin bakunan ɗaura waya da zan ambata irin na PNOZ ne, wani kamfanin yakan sauya su, don haka takardar da ta zo a cikin kwalin kada ka yar da ita.

Kafin ka sa sukurdireba, kashe babban makunni, ka sa masa kwado, makullin ya kwana a aljihunka. Sannan ka gwada da mita ka tabbatar babu wuta. A Kano wuta na iya zuwa ta hanya biyu, ta KEDCO ko ta janareta, kuma mai tayar da janareta ba zai zo neman izininka ba.

A1 da A2 su ne abincin na'urar, yawanci bolt 24 na DC. Wannan ba wuya.

Inda aikin yake shi ne layukan shiga guda biyu. Maɓallin gaggawa, wato jan nan mai faɗin kai kamar malafa a kan faranti mai ruwan ɗorawa, wanda ƙa'idar ISO 13850 ta tsara launinsa, dole ya kasance da kontak biyu na NC, waɗanda suke rufe muddin lafiya lau. Ɗaya ya tashi daga S11 ya dawo S12, ɗayan daga S21 ya dawo S22. Waya huɗu kenan za ka ja, ba biyu ba. Na sha ganin an ja biyu, an zo bakin rilen an raba su, don a rage kuɗin kebul. Wanda ya yi haka ya sayi rile mai tsada ya mai da shi na gama-gari. Dalilin NC kuwa shi ne, in ɓera ya ci wayar ko ta tsinke, inji tsayawa zai yi. Da NO ne, wato wanda yake buɗe sai an danna, wayar za ta tsinke ba wanda ya sani, sai ranar da aka danna maɓalli aka ga bai yi komai ba. Ka duba jikin kontak ɗin ka ga alamar kibiya a cikin da'ira, ita ke nuna cewa ƙarfin hannunka ne yake ɓamɓare shi kai tsaye, ba jiran sifirin yake ba. Makunnin ƙofar kariya ma haka ake haɗa shi. In an saita na'urar yadda ya kamata, layukan biyu ba wuta iri ɗaya suke ɗauka ba, saboda haka ko da kebul ya matse wayoyin suka haɗu, za ta gane ta yanke.

Sai wajen fita. Kwantakta babban rile ce da ke ba mota wuta. 13 da 14 su ciyar da kwayil ɗin kwantakta ta farko, K1. 23 da 24 su ciyar da ta biyu, K2. Manyan kontak ɗin kwantaktocin biyu a jere za su kasance, wuta ta ratsa K1 ta ratsa K2 sannan ta isa mota. In ɗaya ta manne, ɗayar za ta yanke. Masu masana'anta sun fi yin gardama a nan. Wani Alhaji a Bompai ya ce min, "Injiniya, kwantakta ɗaya tana yi mana aiki shekara da shekaru, ta biyun ta mece ce?" Na ciro wata tsohuwa daga jakata, wadda nake yawo da ita saboda irin wannan, na nuna masa azurfar bakinta yadda ta narke ta haɗe kamar an yi walda. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan an danna mata jan maɓalli, mota ba ta tsaya ba." Ya juya ta a hannunsa, ya ce a sayo. Kada ka manta da fiyus a layin fitan nan, gwargwadon abin da takarda ta faɗa. 41 da 42 kuwa na fitila ne ko na sanar da PLC, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji, ba a rataya ran mutum a kansu.

Yanzu risat, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Waya za ta tashi daga S33, ta bi ta ƙaramin kontak NC na K1, ta bi ta na K2, ta bi ta maɓallin risat, ta sauka a S34. Ka lura da hikimar: in K1 ta manne, ƙaramin NC ɗinta ba zai rufe ba, hanyar risat ta yanke, ko ka wuni kana dannawa ba za ta tashi ba. Na'urar tana gaya maka ne kariya ɗaya ta mutu, saura ɗaya. A daidai wannan gaɓar ne ake cewa "ka yi mana dabara kawai ya tashi", kuma a nan ne 'yar jar waya take shigowa. Kada ka yarda. Canza kwantakta.

Ka zaɓi risat mai sa-ido, wanda ba ya amsawa sai an danna an kuma saki. ISO 13849-1 haka ta buƙata. Amfaninsa, in wani ya cusa tsinken ashana ya danne maɓallin, ko ya naɗe shi da salatif, ko ƙura ta riƙe shi, ba zai yi aiki ba. A wasu na'urorin 'yar wayar saiti ce ke zaɓar wannan, a wasu kuma ɗan abin murɗawa ne a fuska.

Abu na biyu, risat ba ya tayar da inji. Shiri kawai yake bayarwa. Bayan shi sai ma'aikaci ya danna koren maɓallin tashi, wanda yake irin mai dawowa da kansa, da haɗin riƙe-kai da ke saki da zarar wuta ta ɗauke. Dannawa biyu, da niyya biyu. Makunni mai murɗawa da ake bari a kunne, cire shi.

Na uku, inda za ka dasa shi. Ya zama a waje da wurin haɗari, inda wanda yake ciki ba zai miƙo hannu ya kai gare shi ba, kuma inda mai dannawa yake ganin ko'ina na injin. A wani kamfanin jima a Challawa na tarar da risat a bayan ginshiƙi, mai dannawa ba ya ganin bakin gangar da ake juya fatu. Matsar da shi taku huɗu kawai muka yi. Ni shuɗi nake sawa don kada a rikita shi da na tashi.

Akwai abin da rile kaɗai ba ya magancewa. Injin niƙa mai nauyin wuƙa, ko an yanke masa wuta yana ci gaba da juyawa na wani lokaci. Irin wannan sai an sa wa ƙofarsa makulli na lantarki da ba ya saki sai wuƙar ta tsaya cak. Bakin da hannu ke iya kaiwa ga wuƙa kuma a tsawaita masa mazurari ko a sa masa raga. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari.

In ka gama, gwaji, kuma mai aikin injin ya tsaya kusa da kai yana kallo. Danna gaggawa, inji ya tsaya. Saki maɓallin, kada ya motsa. Danna risat, fitilun layi biyu su kama, amma har yanzu kada ya motsa. Cire wayar S12 ita kaɗai, ya yanke. Mayar da ita ka danna risat, ya kamata ya ƙi, sai ka danna gaggawa ka saki, layukan biyu sun buɗe tare. Cire wayar ƙaramin NC na K1, risat ya ƙi. Sannan gwajin da ya fi dacewa da garinmu: inji yana aiki, kashe babban makunni, ƙirga goma, mayar. Dole ya zauna shiru.

Lokacin hunturu ƙurar nan mai laushi tana shiga ko'ina, tana hana ƙananan kontak haɗuwa, sai risat ya riƙa ƙi babu dalilin da ido ke gani. Auna su da mita, ka canza wanda ya mutu, ka gyara robar bakin ƙofar fanel, ka toshe ramukan kebul. A kasuwar Sabon Gari kuma ka buɗe ido, akwai tsofaffin da aka ciro daga wani injin aka goge, akwai na jabu masu rubutu dishi-dishi. Ni nakan liƙa takarda a cikin ƙofar fanel, duk farkon wata mai aikin injin ya danna kowane jan maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu, in na zo zagaye ita nake fara dubawa.