Yadda ake lissafin zafin da makamashi ke saki idan ya ƙone

Ɗalibin sakandare a Birnin Kebbi ko Argungu zai iya auna canjin entalfi na ƙonewa, ΔH, wato yawan zafin da makamashi ke saki idan ya ƙone, da kaya kaɗan: fitilar lagwani mai itanol, gwangwanin jan ƙarfe, ma'aunin zafi da sikeli. Wutar kanta ba ta aunuwa, don haka ruwa ake sa wa ya karɓi zafin, a auna shi.

Zuba ruwa giram 200 a gwangwani, ka rubuta zafinsa. Auna nauyin fitilar da murfinta, kunna ta, ka riƙa juya ruwan. Idan ya tashi daga digiri 30 zuwa 55, kashe fitilar, rufe nan take, ka sake auna nauyinta. A ce giram 1.15 ya ragu.

Lissafin shi ne q = mcΔT, inda q shi ne zafin da ruwan ya karɓa, ΔT kuma yawan digirin da ya ƙaru. A nan m nauyin ruwa ne, kuma wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa ke nan, sai su sa nauyin itanol. c kuwa zafin da giram ɗaya ke buƙata don ya tashi da digiri ɗaya ne, na ruwa 4.2 J/g/°C. Wato 200 × 4.2 × 25 = 21,000 J, ko 21 kJ. Mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin abu a kimiyyar sinadarai, kuma mol ɗaya na itanol giram 46 ne, saboda haka 1.15 ÷ 46 = mol 0.025. Raba 21 da 0.025, ka sami 840. Rubuta ΔH = −840 kJ/mol. Kada ka bar alamar ragi, ita ke nuna zafi fita ya yi.

Littafi zai ba ka kusan −1367 kJ/mol. Kada ka gyara lambobinka don su dace, giɓin nan yana da dalilai, kuma su malami ke so ka bayyana. Zafi mai yawa ya bi iska, wani ya tsaya a jikin gwangwani. Da hunturu, in taga a buɗe take, asarar ta fi haka, sai a kare wutar da allon katako. Duba gindin gwangwanin: in ya yi baƙi, iskar oksijin ba ta isa ba, wani kabon bai zama CO₂ ba, zafinsa bai fito duka ba. Ga kuma zafin watan Afrilu a Kebbi, itanol na tashi daga lagwani in an yi jinkirin rufewa, sikeli ya lissafa shi cikin wanda ya ƙone.

Wajen kwatanta makamashi, raba ΔH da nauyin mol. Itanol na ba da kusan 30 kJ a kowane giram, butan da ke cikin gas ɗin girki kuwa 2877 ÷ 58, kusan 50.