Yadda Ake Rayuwa da Wasannin Neman Gurbi a Ƙwallon Golf

Duk wanda ya ƙudura niyyar cin abinci da ƙwallon golf, wadda wasu kafafen labarai ke kira ƙwallon lambu, ya kamata ya san cewa shekarunsa na farko a bakin ƙofa zai yi su, yana biyan kuɗi daga aljihunsa domin a ba shi damar neman shiga gasar da ake rabon kuɗi a cikinta. A ƙwallon ƙafa kulob ne ke ɗaukar ɗan wasa ya riƙa biyansa albashi, ko ya buga ko ya zauna a benci. Ɗan golf kuwa ɗan kasuwa ne mai zaman kansa: shi ke biyan kuɗin rajista da na jirgi da na masauki da ladan mai ɗaukar masa jaka, kuma idan aka tankaɗe shi bayan kwana biyu na gasa, wato aka cire shi saboda yawan bugunsa, galibi ba ya komawa gida da ko sisi. Saboda haka shawarwarin da ke tafe sun shafi jari da lissafi kamar yadda suka shafi riƙon sanda.

Abu na farko shi ne ka san irin ƙofar da kake ƙwanƙwasawa, domin kowace da irin wasan da take buƙata. Mafi gajarta ita ce wasan ranar Litinin da ake yi a Amurka kafin gasannin PGA Tour, babban jerin gasannin ƙwararru na ƙasar, da na Korn Ferry Tour da ke ƙarƙashinsa. Zagaye ɗaya ne tak, rami 18, kuma a al'adar PGA Tour mutum huɗu da suka fi kowa ƙarancin bugu su ne ke samun gurbin shiga gasar da za a fara ranar Alhamis, ko da yake daga kakar 2026 an rage waɗannan guraben a gasannin da ba su da yawan 'yan wasa. Wanda ba shi da wani matsayi sai ya fara tsallake wani wasan share fage a makon da ya gabata kafin ma a bar shi ya tsaya a layin Litinin ɗin. Ƙofar ƙarama ce ƙwarai, amma akan wuce ta. A shekarar 2012 Patrick Reed ya ratsa ta har sau shida a kaka ɗaya, sannan a 2019 Corey Conners ɗan Kanada ya samu gurbi na ƙarshe ranar Litinin bayan bugun raba gardama, ya kuma lashe gasar Valero Texas Open ranar Lahadin makon. Kafin shi, Arjun Atwal ɗan Indiya ne ya yi irin wannan a 2010.

Ƙofa ta biyu ita ce ta manyan gasanni biyu da aka buɗe wa kowa. US Open takan karɓi takardun neman shiga fiye da 10,000 a shekara, ana farawa da rami 18 a matakin yanki, waɗanda suka tsira su tafi matakin ƙarshe inda ake buga rami 36 a yini ɗaya, daga hantsi har faɗuwar rana. Michael Campbell ta wannan mataki na ƙarshe ya bi, a filin Walton Heath na Ingila, kafin ya ɗauki kofin a 2005, haka ma Paul Lawrie ya bi ta wasan neman gurbi kafin ya lashe gasar The Open ta Birtaniya a Carnoustie a 1999.

Ta uku ita ce wadda ake kira makarantar cancanta, duk da cewa babu aji babu malami, jarrabawa ce zalla. Ita ce ke ba da katin buga kaka guda cur. A DP World Tour ta Turai matakai uku ne, biyun farko rami 72 kowanne, na ƙarshe kuma zagaye shida, rami 108, wanda ake yi a Sifaniya da 'yan wasa 156. Wanda ya faro daga tushe sai ya buga rami 252 kafin ya san makomarsa. A Amurka, daga 2013 zuwa 2022 makarantar ba ta kai mutum kai tsaye zuwa PGA Tour, sai a 2023 aka dawo da ba wa biyar na farko katin.

Kuskuren da ya fi cin sababbin shiga shi ne buga waɗannan wasanni da tunani iri ɗaya. Kowane fili yana da ma'auninsa, wato adadin bugun da aka ƙiyasta ƙwararre zai yi ya kammala rami 18, yawanci 70 zuwa 72. A wasan Litinin, wanda ya buga daidai ma'auni da wanda ya zarce shi da bugu goma sakamakonsu ɗaya ne, duk gida za su tafi, domin sau da yawa sai mutum ya sauka ƙasa da ma'auni da bugu shida ko bakwai kafin ya sa rai. Don haka a ranar ba ta taka-tsantsan ake yi ba. Idan sandarka za ta iya kai ƙwallo dandalin rami, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ramin yake, da bugu biyu a dogon rami, ka gwada. Idan gangarawa, wato bugun da ke mirgina ƙwallo a kan dandali, ta taku goma ce tsakaninka da rami, ka tabbatar ƙwallon ta isa, gara ta wuce da ta tsaya a hanya. Sai dai kai hari ba hauka ba ne. Ka zaɓi ramukan da za ka matsa tun ranar atisaye, ka kuma ware uku ko huɗu masu ruwa ko iyakar fili a kusa, waɗanda a cikinsu ma'auni ya wadatar, domin asarar bugu biyu a rami ɗaya ita ce ke rufe littafin yini.

A makarantar cancanta lissafin juyewa yake yi. Rami 108 ya ishi mutum ya yi mummunan zagaye ɗaya ya kuma farfaɗo, amma bai ishi wanda ya firgita ya shiga ramuwar gayya ba. A nan ka riƙa auna tsakiyar dandali maimakon tuta, ka karɓi ma'auni da hannu biyu, ka bar wasu su kayar da kansu, domin a kwana na biyar da na shida gajiya da fargaba ne ke tankaɗe mutane fiye da rashin iyawa. A ganina wannan ne ya sa ɗan wasan da ya saba cin kuɗin abokansa a filin gida yakan rikice a nan: ya iya ranar sa'a, bai koyi yadda ake rage ɓarnar ranar da hannu ya ƙi ba.

Kafin ka ayyana kanka ƙwararre, ka gwada kanka da gaskiya. Bugu 66 a filin da ka girma a cikinsa, inda ka san kowane tudu da kowane kwari, ba hujja ba ce. Hujja ita ce matsakaicin bugunka a gasa, a filayen da ba ka sani ba, daga wurin farawa mafi nisa, tsawon shekara guda. Idan matsakaicin bai sauka ƙasa da ma'auni ba, to da sauran aiki. Babu dalilin gaggawa kuma, tunda daga 2022 dokokin masu wasan sha'awa, wato waɗanda ba su zama ƙwararru ba, sun halatta musu karɓar kyautar kuɗi har dala 1,000 a gasar da ba a yin rangwamen handikaf, wato lambar da ke auna iyawar ɗan wasa wadda ke raguwa gwargwadon ƙwarewarsa, kuma ɗan sha'awa mai handikaf 0.4 ko ƙasa da haka yana da ikon neman gurbin US Open ba tare da ya sauya matsayinsa ba. Wanda ya taso a filin da dandalin raminsa yashi ne da aka cakuɗa da mai, kamar yadda ake samu a wasu filayen Najeriya, yana da ƙarin aiki: dole ya nemi filin ciyawa ya zauna a kansa watanni, domin saurin gangarar ƙwallo da yadda take karkata a kan ciyawar da aka aske ƙwal wani ilimi ne daban.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke korar mafi yawan masu hazaƙa. Ka zauna da takarda kafin kaka ta fara, ka rubuta adadin wasannin da za ka shiga da abin da kowanne zai ci, ka kuma ɗauka cewa ba za ka ci ko kwabo ba a cikinsu. Idan jarin bai kai ƙarshen kaka a kan wannan zato ba, ka rage wasannin. Rajistar Litinin ɗaya ɗaruruwan daloli ce ga wanda ba mamba ba, ta makarantar cancanta ta Amurka kuwa dubbai ce, ban da tafiya. Ka fifita wasannin da ke kusa da juna, ka haɗa mota da ɗaki da wani ɗan wasa, ka ɗauki jakarka da kanka a inda sharuɗɗan gasa suka yarda. Idan ka samu gurbi za ka buƙaci mai ɗaukar jaka wanda ya san filin, kuma al'adar da aka saba ita ce ladan mako, sannan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da aka ci idan an lashe gasa, kashi 7 idan an shiga goman farko, kashi 5 a sauran. Ku yi yarjejeniya kafin bugun farko, ba bayan an ga kuɗi ba. Idan wasu masu hali ne za su zuba maka jari a kan su ɗauki kaso daga abin da ka ci, a rubuta komai: nawa aka ba ka, kashi nawa za su karɓa, har zuwa yaushe. Ɗan wasan da ke tsaye kan gangarawar taku biyar yana tunanin bashin da ke kansa da wuya hannunsa ya saki.

Ranar atisaye ta sanin fili ce, ba ta gyaran salon bugu ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka rubuta a ɗan littafinka nisan kowane tarkon yashi da ruwa daga wurin farawa, da gefen da ya fi sauƙin farfaɗowa idan ka kauce wa dandali, ka kuma ɓata rabin lokacinka kana auna saurin ciyawa. Na'urar auna nisa halal ce a dokokin 2019 matuƙar kwamitin gasa bai hana ba, amma a kashe sashen da ke lissafa tudu da gangara.

Akwai kuma dokokin da ke kayar da mutum ba tare da ya yi mummunan bugu ko ɗaya ba, kuma abin haushi ne a biya kuɗin jirgi a faɗi a kansu. Sanduna 14 ne iyaka a jaka, ƙari a kan haka tarar bugu biyu ne a kowane rami har zuwa bugu huɗu a zagaye, saboda haka ka ƙirga su da hannunka kafin ka fara. Wanda ya makara ga lokacin farawarsa da abin da bai wuce minti biyar ba zai sha tarar bugu biyu, wanda ya wuce haka an kore shi. Ƙwallon da ta ɓace minti uku kawai ake ba ka ka neme ta, don haka duk lokacin da ka yi shakka ka buga ta wucin gadi, ka kuma faɗa wa abokan zagayenka a fili cewa ta wucin gadi ce. Mafi muhimmanci shi ne teburin miƙa kati. Abokin zagayenka ne ke rubuta bugunka, amma kai ne ke da alhakin sahihancin lambar kowane rami. Ka zauna, ka ajiye hula, ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa kana kwatantawa da naka lissafin, sannan ka sa hannu. Idan ka sa hannu a kan lambar da ta gaza gaskiya an kore ka, idan ta haura gaskiya haka za ta zauna. A gasar Masters ta 1968 an rubuta wa Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina 4 a rami na 17 alhali 3 ya buga, ya sa hannu bai duba ba, kuma wannan bugu ɗaya ya hana shi karawar raba gardama da Bob Goalby.

A wasan Litinin, idan ka fita da safe ka dawo da 66, wahalar yini yanzu ta fara. Za ka zauna a inuwa ko a cikin mota awa biyar ko shida kana sabunta shafin sakamako a waya, kana kallon sunanka yana zamewa daga na biyu zuwa na uku zuwa na huɗu yayin da 'yan rana ke shigowa. Kada ka bar filin, ko da kana ganin an wuce ka, domin wanda aka kira raba gardama ba ya nan ya yafe rabonsa, kuma a nan ne ake tsara jerin 'yan jiran gurbi, waɗanda akan kira idan wani ya janye. Ka ci abinci, ka kashe wayar na ɗan lokaci, sannan saura kamar minti 40 rukunin ƙarshe ya shigo ka koma wurin atisaye ka sake ɗumama jiki. Sau da yawa mutum shida ko takwas ne za su tsaya a rami ɗaya da magariba suna neman gurbi ɗaya, kuma wanda ya taso daga kujera da jiki a sandare shi ne farkon fita.

Faɗuwa za ta fi nasara yawa nesa ba kusa ba, kuma wannan ba alamar rashin iyawa ba ce a karan kanta. Justin Rose ya zo na huɗu a The Open ta 1998 yana ɗan shekara 17, ya koma ƙwararre washegari, aka tankaɗe shi a gasa 21 a jere, sai a 2013 ya lashe US Open. Ga wanda ke Afirka, ba lallai ne a fara da Amurka ba: Sunshine Tour ta Afirka ta Kudu tana da tata makarantar cancantar, kuma nahiyar ta daɗe tana zama tsani. Sandy Lyle ya zo na ɗaya a makarantar Turai a 1977, nasararsa ta farko a matsayin ƙwararre kuma ita ce Nigerian Open ta 1978, gasar da Vijay Singh ɗan Fiji ya lashe a 1988 da 1989 tun duniya ba ta san shi ba.

Bayan kowane wasa, tun kafin ka kwanta, ka rubuta abu huɗu: bugun farko nawa ne suka sauka a gajeriyar ciyawa, dandali nawa ka kama a kan kari, wato cikin adadin bugun da ya kamata, gangarawa nawa ka yi, da kuma tazarar da ke tsakaninka da gurbi na ƙarshe. Ka kuma yanke wa kanka wa'adi tun yanzu, shekara biyu ko uku, ka sanar da iyalinka da masu zuba maka jari, a kan cewa ranar da wa'adin ya cika littafin nan za a buɗe a duba ko tazarar tana raguwa. Idan ba ta raguwa, koyar da wasa a kulob da ɗaukar jaka wa wanda ya samu kati duk sana'o'i ne a cikin golf ɗin, kuma takardar shaidar koyarwa ta ƙungiyar ƙwararru shekaru take ɗauka, don haka ana fara nemanta ne tun ana cikin fafutukar neman gurbi.