Kafin ka jona kwamfutarka da intanet ɗin gidan haya a Ingila

Na zo hutu gida, sai ga samari uku sun same ni a majalisarmu ta Mabera, duk sun samu gurbin karatu a Ingila, watan Satumba za su tashi. Tambayoyin dai su ne na kullum: sanyi, abinci, masallaci. Rigar sanyi ka bari sai ka je can, wadda za ka saya a kasuwar Sakkwato ba za ta yi maka komai ba. Naman halal da masallatai birjik suke a Manchesta. Kilishi ka cinye abinka a nan, doka ta hana shiga da nama daga Najeriya. Filin jirgi ma kada ya dame ka, mutanenmu ba su barin ɗan gida a titi. Ka sanar da wuri, wani zai zo ya ɗauke ka, a daren farko ka ci tuwo. Nan kam ba a fi mu ba.

Kwamfuta ce ba wanda ya yi zancenta, alhali ita ta ƙona ni.

Mu a gida da awo muke shan intanet. Ka sayi data, ka sauke abin da kake so, ka kashe da sauri kamar mai rufe famfo. Ko ka manta, ɗaukewar wuta za ta kashe maka. Ashe wannan wahalar tana ba mu wani tsaro da ba mu sani ba. Can layin gida a buɗe yake dare da rana, kwamfutarka kuma tana kan tebur a kunne kana barci. Akwai manhajojin ɓarayi da ba su da aiki sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Kwamfuta tana da irin waɗannan ƙofofin har 65,535. Tsohon birnin Sakkwato ma da 'yan ƙofofinsa, su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku, sai da aka zagaye shi da ganuwa. To ganuwar kwamfuta ita ce fayawol: tana tsaye tana duba mai shiga da mai fita, wanda ba a gayyata ba ta mayar da shi. Ba sai ka saya ba. Windows tana zuwa da tata a kunne tun gyaran da aka yi wa samfurinta na XP a 2004, bayan ƙwayoyin cutar kwamfuta Blaster da Sasser sun yi ɓarna a duniya. Masu Mac ku lura, taku a kashe take zuwa, sai kun shiga saitin Network kun kunna da kanku.

Ni da hannuna na rushe tawa. Kafin in tafi na kai kwamfutata wurin wani yaro mai gyara a cikin gari, ya loda min manhajoji na bulus, har da ta lissafin ƙididdiga da zan yi aikin digiri da ita. Da na isa ta ƙi buɗewa. Na kira shi, ya ce, "Yaya, mi ya faru? Ai fayawol ɗin ne shina hana ta, kashe shi kawai." Na kashe. Ta buɗe. Na yi masa godiya har da tura masa kati.

Gidan da na kama mu shida ne, kowa da ɗakinsa, daga ƙasashe huɗu. Intanet na cikin kuɗin haya. Kalmar sirrin tana manne a jikin firij da salatif, takardar har ta yi ja don tsufa, wato duk wanda ya taɓa zama gidan yana da ita. Ranar da na fara jonawa Windows ta tambaye ni ko in yarda sauran na'urorin layin su riƙa ganin tawa. Na ce ai gida ne, na amsa da e. A cikin kwamfutar akwai hoton fasfo ɗina, takardar banki, takardar shiga makaranta, da babi uku na aikina.

Wata Asabar bayan sallar asuba na buɗe babi na uku, ya ƙi. Na biyu ma haka. Duk sunayen fayilolin sun canza, kowanne da wata jela a ƙarshensa, ga kuma wasiƙa a fuskar kwamfutar ana neman in biya da bitkoyin kafin a buɗe min. Na zauna bakin gado da jallabiya, shayina ya huce ban sani ba. Da na yi wa mai gidan magana kan ya canza kalmar sirri, sai ya ce shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ƙorafi, kuma na'urar da ke raba intanet ɗin tana ɗakin ajiya a kulle, makullin yana hannunsa. Sati uku ina bin sa. Ban biya ɓarayin ba, babi na ɗaya na same shi a imel ɗin malamina, sauran biyun kuwa sabon rubutu na yi, wata biyu cur. Ba ni kaɗai irin wannan ta taɓa ci ba, a Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta bi ta ƙofa mai lamba 445 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama. Amma wannan bai rage min zafi ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga sabon zuwa yana maimaitawa. Bara wani ƙanenmu ɗan Arkilla ya kashe fayawol ɗinsa don wasan ƙwallo na kwamfuta ya ƙi haɗuwa, na yi magana ya ce ai shi ba shi da abin sata. Fasfo ɗinka da bayanan bizarka fa? Yanzu da izinin zama ya koma na intanet, da imel ɗinka ake shiga komai.

In layin na gidan haya ne, ka zaɓi Public a saitin Windows, wato kada sauran na'urorin layin su riƙa ganin taka, ko da kuwa da ɗan unguwarku kuke zaune, don ba ka san abin da ke cikin tasa na'urar ba. In wata manhaja ta ƙi aiki, ita kaɗai za ka ba izini a cikin saitin, kada ka kashe ganuwar gaba ɗaya. Manhajar bulus ka goge ta tun a nan, jami'o'in can galibi suna ba ɗalibai na gaske kyauta. Mai Windows 10 ya sani Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba, 2025. In kuma ka kama gidanka kai kaɗai, ranar farko ka canza kalmar sirrin na'urar intanet ɗin.

Wani abu ɗaya da ganuwa ba ta iya masa: baƙon da ka shigo da shi da kanka. Za a kira ka da murya mai ladabi, a ce daga kamfanin intanet ne, an ga matsala a layinka, ka sauke wata 'yar manhaja su gyara daga nesa. Katse wayar. Kana saukewa, linzamin kwamfutarka zai fara yawo da kansa kana kallo.

Samarin nan uku na ce kowa ya kawo min kwamfutarsa ranar Juma'a bayan la'asar, ya haɗo da filas na ajiye fayiloli mai sarari, mu kwashe takardunsa tukuna. Ɗaya har ya fara cewa tasa sabon lodi ce, jiya aka yi masa. Na ce da taka za mu fara.