Tara jarin shago ba tare da an sauke tukunyar gida ba

Yaran shago da yawa a Kantin Kwari da Singa suna da burin tsayawa da ƙafarsu, amma ɗan abin da suka tara, a hidimar gida ta shekara yake narkewa. Saboda haka daga lissafin wannan hidimar za ka fara.

Ɗauki biro ka rubuta abin da ba ya jira: cefane, haya, kuɗin makaranta na zango uku, maganin iyaye, kayan azumi, ɗinkin sallah. Duk wanda ake biya sau ɗaya a shekara, raba shi gida 12. Hayar naira dubu 240, dubu 20 ce duk wata, ka ware ta tun kafin mai gida ya aiko. Ƙara ɗan kaso na biki da suna da gaisuwa, domin a Kano zumunci ma da kuɗinsa, kuma wanda bai ware masa ba jarinsa zai taɓa.

Abin da ya rage shi ne rabon buri. Ka sa masa adadi da lokaci: tebur ɗaya, turmin atamfa 30, kafin azumin baɗi. Je ka tambayi kuɗin tebur da farashin sari da na 'yan dako, kada ka yi kintace.

Ranar da kuɗi ya shigo ake cire rabon, ba ƙarshen wata ba. Adashi yana taimakawa, in dai zubin bai fi ƙarfinka ba kuma ka san gidan mai riƙe shi. Nemi kwasarka ta faɗo wata biyu kafin azumi, lokacin sarin kayan sallah. Ka tuna azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Da ka kwasa ka mai da kuɗin kaya, don in ya kwana a aljihu tsada da masu neman rance za su cinye shi.

Uwargida ta san shirin, ita ce mai auna shinkafa da mai. Maigidanka na kasuwa ma ya ji daga bakinka. Sari a ɓoye yana zubar da amana, alhali shi ne zai iya ba ka kaya bashi.

Kada ka nemi sallama sai ribar tebur, ban da uwar kuɗi, ta riƙe cefane wata shida a jere, har da watannin bayan babbar sallah da kasuwa kan yi sanyi.