Ga 'yar'uwar da ke son komawa aji

Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 7 na yi ban riƙe alli ba, ina fama da goyo da sayar da atamfa a gida. Da na tashi komawa koyarwa, takardu ne suka fara ba ni wahala: shaidar NCE ɗina tana ƙasan akwati, gara ta cinye gefenta. Don Allah ki fito da naki yau, ki ɗauke su hoto a waya, ki duba rajistarki ta TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. In ƙarin karatu kike so, NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, na ba da darussan ƙarshen mako a cibiyoyinta. Sana'ar kuwa kada ki rufe ta da wuri, albashin farko yakan yi jinkiri. Ni ƙanwata na damƙa wa atamfofin.