Zaren saƙa ko na roba: inda masu fatsa ke kuskurewa

Mu mutanen Damagaram ba mu da gulbi a bakin ƙofa. Mai sha'awar fatsa sai ya nufi tabkin Gidimuni ko na Lasuri, in kuma ruwa mai gudu yake so, sai ya kama hanyar Diffa ya sami Komadugu bayan damina ta zauna. Tafiyar da wahala take, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya kashe kuɗin mota, ya wuni a rana, ya dawo hannu rabbana saboda zaren da ya ɗaura.

Zare iri biyu ke yawo a hannun mutane yanzu. Akwai na roba, tilo, mai sheƙi, wanda muka tashi muka tarar. Akwai kuma na saƙa, wanda ake kitsa siraran zaruruwa huɗu ko takwas su zama ɗaya. Na saƙa ya fi siranta nesa ba kusa ba idan ƙarfinsu ɗaya, yana tsayawa a saman ruwa, kuma kusan ba ya miƙewa. Na roba yana miƙewa har wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke. Kusan duk kuskuren da zan faɗa daga wannan bambanci ya samo asali.

Babban cikinsu shi ne ɗaukar cewa mai tsada ya fi kama kifi. Matasa suna ganin bidiyo a waya, sai su tara kuɗi su sayi na saƙa, alhali fatsarsu ba ta wuce mita goma daga gaɓa. A irin wannan tazara miƙewar roba alheri ce. Karfasa na da laushin baki. Idan ɗan soson da ka ɗaura a zare don ya nuna maka kifi ya ciji ƙugiya ya nutse ka fizga da zaren da ba ya ba da kai, duk ƙarfin hannunka kan leɓenta zai sauka, ƙugiya ta yage ta fito. Na roba kuwa yana shanye fizgar, ya kuma shanye bugun da tarwaɗa ke yi da kai idan ta ji ƙarfe. Mai sandar gora da ba ta da kwarkwaron naɗi ba shi da abin yi da zaren saƙa sam. Ya nemi na roba mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25 don karfasa, 0.35 zuwa 0.40 inda ake sa ran manyan tarwaɗa, ya adana sauran kuɗinsa.

Inda na saƙa ke biyan kuɗinsa shi ne gulbi, lokacin da ka saki soso ruwa ya tafi da shi mita talatin ko fiye. A nan roba kan jiƙa ta ɗan nutse, ruwa ya ja ta ta yi ciki, kafin fizgarka ta isa ƙugiya kifi ya tofar da tana ya wuce. Na saƙa yana kwance a sama, kana iya ɗaga shi ka gyara masa layi ba tare da soson ya kauce ba, kuma motsin wuyan hannu kaɗan ya isa. Sai dai wanda hannunsa ya saba da roba dole ya rage ƙarfin fizga, ya sassauta birkin kwarkwaronsa.

Ni ma na taɓa ɗaura na saƙa kai tsaye a ƙugiya, kuma shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai. Wata safiya ce a Gidimuni, ruwa ya kwanta garau, ina ganin karfasa suna zuwa su kewaye tana su juya. Wani dattijo da ke gefena yana ta cika ƙwarya. Da ya ga na daɗe ban ɗaga ko ɗaya ba, sai ya ce, "Yaro, miƙo zarenka in gani." Na ce, "Ga shi, Baba." Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya tsoma a ruwa, ya nuna mini yadda koren zaren ya fito ɓaro-ɓaro kamar an ja layi da alli. Ya yanko mini roba kamu uku daga nasa ya ce in ɗaura a gaba. Kafin hantsi na kama bakwai.

Gyaran ke nan: ko da na saƙa ne a kwarkwaro, daga soso zuwa ƙugiya roba za a sa, kamar mita ɗaya. Tana ɓuya a ruwa, tana ba da ƴar miƙewar da ake bukata, kuma ta fi jure gogar dutse da kaifin kacala. Na saƙa in yana ɗaure tamau ya gogi abu mai kaifi, tsinkewa yake farat ɗaya. A kuma tabbatar robar gaban ta fi uwar zaren rauni kaɗan. In ƙugiya ta maƙale a saiwa, gara ta tafi ita kaɗai da a yi asarar soso da dalmar da ke nutsar da ƙugiya da rabin zare.

Sai maganar ƙulli. Na saƙa santsi gare shi, ƙullin da ke riƙe roba zamewa yake a jikinsa. A ninka zaren biyu kafin a zura a idon ƙarfen da za a ɗaura shi, ko a ƙara yawan zagayen ya kai takwas zuwa goma. Ita kuwa roba a jiƙa ta da miyau kafin a matse ƙulli, don zafin gogayya yana raunana ta daidai wurin da ake son ƙarfinta. Haka kuma kada a naɗa na saƙa a tsiraicin kwarkwaro, zai riƙa juyawa gaba ɗaya a banza idan kifi ya ja. A fara shimfiɗa roba ƴan mitoci, sannan a ɗora shi a kai.

Rana ma tana cin zaren roba, kuma ta Damagaram ba ta wasa ba ce. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, ga zare an rataye shi a ƙofar shago wata da watanni, ko an bar shi a kan babur. Na taɓa sayen irin wannan, ya riƙa tsinkewa a hannuna kamar zaren ɗinki tun kafin ya ga ruwa. Yanzu duk wanda zan saya sai na warware kamu biyu, na yi ƙulli, na ja da ƙarfi. In ya yi fari-fari, ko ya ƙi miƙewa yana nannaɗewa kamar waya, na bar musu abinsu. A gida a ajiye shi a cikin akwati ko jaka, a sauya shi duk shekara. Na saƙa ya fi daɗewa, in bakinsa ya fara gashi a yanke wurin kawai.

A lokacin hunturu, idan iskar gabas ta taso, na saƙa kan zama jidali saboda rashin nauyi, ya riƙa nannaɗe bakin sanda yana ƙullewa. Ranar iska roba ta fi kwanciyar hankali.

Abu na ƙarshe ya shafi jiki. Kada wanda ya kuskura ya naɗa zaren saƙa a yatsa ko tafin hannu don ya ciro ƙugiyar da ta maƙale. Yana yanka kamar reza, ga hannu a jiƙe fata ta yi laushi. A naɗa shi a guntun icce a ja sannu a hankali. Guntayen da aka yanke kuma, na roba ko na saƙa, a zuba su a aljihu a koma da su gida, don shanu da awaki a wannan tabkin suke shan ruwa, tsuntsaye ma suna sarƙewa da su a ƙafa.